Izumo: masarauta ce ko tatsuniyar fada? Muhawara a kan takubba 358

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga maudu'i daga nesa. A yammacin babban tsibirin Japan, ɓangaren da ke kallon Koriya, akwai wani yanki da ake kira Izumo, yanzu yana cikin jihar Shimane. Tsofaffin littattafan tarihin Japan guda biyu, Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720, sun cika da labarinsa. Sun ce mai ƙasar, Okuninushi, shi ke mulki, sai manzanni suka zo daga wajen Amaterasu, abar bautarsu ta rana, wadda gidan sarautar Japan ke cewa ita ce kakarsu, suka ce ya miƙa ƙasa. A Kojiki ya yarda, amma da sharaɗin a gina masa katafaren gida mai tsawo. Shekara da shekaru masana da yawa na ɗaukar wannan a matsayin ƙirƙirar marubutan fada, don ba a ga wani abin kirki a ƙasan Izumo ba. Sai 1984, ana binciken inda hanyar gonaki za ta ratsa, a wani kwari da ake kira Kojindani, aka tono takubban tagulla 358 a wuri ɗaya, an jera su sahu huɗu, kowanne a kan kaifinsa. Kafin ranar, duk irin takubban da aka samu a faɗin Japan ba su fi kimanin 300 ba. Tambayata: wannan ya gaskata littattafan ko kuwa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi nisa, shekarun takubban nawa ne?

Baban Ummi: Na zamanin da suke kira Yayoi ne, lokacin da noman shinkafa ya kafu. Kusan shekara 2000 ke nan.

Ɗan Fagge: To ka ga matsalar. Tsakanin binne takubban da rubuta Kojiki akwai wajen shekara 700. Wa ya riƙe labarin duk tsawon nan, alhali ba su da rubutu? Abin da takubban suka nuna kawai shi ne akwai masu hali a wurin. Ba sunan kowa a jikinsu. Ba su ce Okuninushi ba, ba su ce an miƙa ƙasa ba. Mutum ya samu tsohuwar tukunya a gonarsa, ba zai ce ta kakansa ce ba sai da shaida.

Maman Sadik: Ku yi haƙuri, ni na tsaya a wani wuri daban. Wa zai haƙa rami ya zuba takubba 358 ya tafi? Yaƙi aka yi?

Baban Ummi: Hajiya, ba na yaƙi ba ne ma. Sirara ne, tsawon kowanne wajen rabin mita, kuma inda ya kamata a sa ƙota gajere ne ƙwarai, ba zai jure sara ba. Kayan bauta ne. A 344 daga cikinsu an zana wata alama kamar gicciye a gindin. Shekara ɗaya bayan nan, 1985, taku kaɗan daga ramin farko, aka sake samun ƙararrawar tagulla 6 da mashi 16. Nan ne masana suka rikice, don a da littattafan makaranta na koyar da cewa Japan ta wancan zamani kashi biyu ce wajen bauta: yankin Kinki, wato wajen Nara da Osaka, masu ƙararrawa ne, arewacin tsibirin Kyushu kuma masu mashi da takobi. Ga Izumo ta haɗa duka a gangare ɗaya. Sannan a 1996 katafila na aikin hanya a Kamo Iwakura, kilomita 3 da wani abu daga Kojindani, ta tono ƙararrawa. Da aka gama lissafi 39 ne, mafi yawa da aka taɓa samu a wuri guda a ƙasar. An cusa ƙananan a cikin manyan. Wasu kuma na ɗauke da wannan alamar ta gicciye.

Maman Sadik: Ikon Allah. Wato mutanen wuri ɗaya ne suka binne su.

Baban Ummi: Haka alamar ke nunawa. Dalilin binnewar ne ake ta ja a kai. Wasu sun ce ajiya ce, ana tonowa lokacin biki a mayar. Wasu sun ce ɓoyewa aka yi don tsoron maƙiya. Ni na fi karkata ga na uku: an yi sallama da tsohuwar bauta ne. Domin bayan nan ba a ƙara ganin bautar tagulla a Izumo ba, sai manyan kaburburan sarakuna suka bayyana.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Ɗan Fagge ya yi gaskiya rabi. Amma akwai littafi na uku da Malam bai kawo ba, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. A 713 fadar sarautar Japan da ke Nara ta umarci kowane lardi ya rubuto bayaninsa: sunayen garuruwa, albarkatun ƙasa, kyan gonaki, da abin da tsofaffi ke faɗa. Su ne Fudoki. Biyar kawai suka rage da ɗan kauri, na Izumo, Harima, Hitachi, Bungo da Hizen, kuma na Izumo ne kaɗai ya iso kusan cikakke. An gama shi a 733, kuma wanda ya jagoranci aikin, Izumo no Omi Hiroshima, ɗan gidan sarautar gargajiyar yankin ne. Wato 'yan ƙasa ne suka rubuta na kansu. To a cikinsa, da aka zo kan ƙauyen Kanbara, an ce nan ne babban abin bautarsu ya tara dukiyarsa. Kamo Iwakura na kusa da Kanbaran nan. Wannan fa?

Ɗan Fagge: Yayana, wannan ta ɗan taɓa ni, amma ban faɗi ba. Littafin nan ya bi ƙauyuka da yawa, kusan kowanne da labarin da aka rataya wa sunansa. Idan ka harba kibiya ɗari, dole ɗaya ta samu wani abu. Sauran da ba a tono komai a cikinsu ba, wa ke lissafa su?

Ɗan Maraɗi: Na yarda ba hujja ce yankakkiya ba. Sai dai a Kanbaran nan dai, a 1972, ana gyaran kogi aka buɗe wani tsohon kabari a harabar wurin bautarsu, aka samu madubin tagulla mai ɗauke da shekarar sarautar Sin da ta yi daidai da 239 miladiyya. Kibiya biyu ke nan a wuri ɗaya.

Gimbiyar Zazzau: Ku dakata mini, me ya sa 239 ta zama abin magana?

Baban Ummi: Saboda littafin Sinawa. Tarihin daular Wei, wanda Chen Shou ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 3, ya ce mutanen tsibiran nan suna da sarauniya mai suna Himiko, mai zaune a ƙasar Yamatai. Ta aika jakadu, sarkin Wei ya ba ta hatimin zinariya da madubin tagulla 100. Yawancin masana na sa wannan a 239. Abin mamakin, Kojiki bai ambaci Himiko ba ko sau ɗaya. Nihon Shoki kuwa ya ɗauko maganar Sinawan ya saka ta a ƙarƙashin labarin wata sarauniya Jingu, ba tare da ya kira sunan Himiko ba. Ka ga marubutan sun san da ita, sun rasa inda za su ajiye ta a jerin kakannin sarki.

Gimbiyar Zazzau: Mace ta mulki ƙasa, maza suka zo rubutu suka share ta. Ba sabon abu ba ne.

Ɗan Fagge: Hajiya, a yi adalci. Mace ce ke kan gadon sarauta lokacin da aka gama Kojiki, Genmei, kuma 'yarta Gensho ce ke kai a 720. Matsalar Himiko ba jinsinta ba ce. Matsalar ita ce ta karɓi sarauta daga hannun sarkin Sin, su kuma suna rubuta littafin da zai nuna sarautarsu daga sama ta sauko, ba ta taɓa rusuna wa kowa ba.

Gimbiyar Zazzau: To, na karɓi wannan. Amma madubin na Kanbara yana cikin ɗarin da aka ba ta?

Baban Ummi: Nan ma rigima ce. Irin madubin nan mai baki kamar dala, an samu sama da 500 a Japan, alhali 100 aka ce an bayar. A kabarin Kurozuka kaɗai, a Nara, an tono 33. Kuma masana Sinawa irin su Wang Zhongshu sun ce ba a tono irinsu a kaburburan Sin ba, don haka a Japan aka ƙera su. Wannan ya haɗu da tsohuwar gardamar inda Yamatai take. Littafin Wei ya ba da kwatance, amma idan ka bi shi yadda yake sai ka wuce Kyushu ka faɗa teku. 'Yan Kyushu na nuna Yoshinogari, babban gari mai ganuwa da rami da aka bayyana a 1989. 'Yan Nara na nuna Makimuku da kabarin Hashihaka mai tsawon kusan mita 280. Ba za a tono Hashihaka ba, don hukumar kula da gidan sarauta ta sa shi cikin kaburburan dangin sarki.

Shugaban Zaure: Jama'a, Yamatai ta isa ta cinye mana mako guda. A koma Izumo.

Alaramma Na Gwale: Ni dai ina ta karanta labarin alloli da 'ya'yan rana. Ina amfanin wannan ga Musulmi?

Baban Ummi: Allah gafarta Malam, ba imani da su muke yi ba. Muna duba yadda mai mulki ke rubuta tarihin wanda ya ci da yaƙi, da kuma abin da ƙasa ke fitarwa daga baya. An ce mana mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance.

Alaramma Na Gwale: To madalla. A ci gaba, ina saurare.

Ɗan Maraɗi: Abin da ya fi burge ni a Fudoki na Izumo shi ne inda ya saɓa wa littattafan fada. A Kojiki, babban labarin Izumo shi ne na Susanoo, baƙon da ya sauko bakin kogin Hii ya tarar da maciji mai kai takwas yana cinye 'yan mata, ya bugar da shi da giya, ya sassare shi, ya samu takobi a wutsiyarsa ya aika wa Amaterasu, ya auri yarinyar. Wannan labari ba ya cikin littafin 'yan Izumo, sam. Nasu labarin farko na wani ne mai suna Yatsukamizu Omitsuno, wanda ya ga ƙasar ta yi ƙanƙanta, ya yanko ƙasa daga gaɓar Silla ta Koriya da wasu wurare, ya jawo da igiya ya ɗinke da tasa. Turakun da ya ɗaure igiyar su ne duwatsun Sanbe da Daisen. Shi kuma wannan labari ba ya cikin Kojiki. Sannan maganar miƙa ƙasa, a littafinsu Okuninushi cewa ya yi sauran ƙasashen ya bar wa jikan sama, amma Izumo tasa ce, zai kewaye ta da tsaunuka ya zauna. Shekara 21 kacal tsakanin littattafan biyu, kowa da nasa bakin.

Maman Sadik: Baƙo ya zo, ya kashe maciji, ya auri mace. Wannan ai Bayajidda ne da rijiyar Kusugu! Ko akwai alaƙa?

Ɗan Maraɗi: Hajiya, alaƙar jini ko ta tafiya babu. Labarin mai kashe maciji ya watsu a duniya. Kamar da na gani ita ce ta aiki: duka biyun suna bayyana yadda wanda ya zo daga waje ya samu haƙƙi a ƙasar da ya tarar da mutane. Shi ya sa nake tambaya, a bakin wa aka ji?

Ɗan Fagge: Yauwa, yanzu ka dawo layina. In har fada ta iya ƙirƙiro wa Izumo maciji mai kai takwas, me zai hana ta ƙirƙiro miƙa ƙasar?

Baban Ummi: Abin da zai hana shi ne ba a wahalar ƙirƙiro nasara a kan wanda ba kowa ba. Me ya sa duk lardunan Japan sai Izumo aka zaɓa? A da amsar ita ce wai don tana yamma, inda rana ke faɗuwa, sai aka mai da ita kishiyar ƙasar rana. Yanzu ga abin da ƙasa ta nuna. Bayan zamanin tagulla, a ƙarni na 2, sarakunan Izumo sun gina kaburbura masu siffa ta daban, murabba'i mai kusurwa huɗu da suka miƙe waje kamar ƙafafu, an jera musu duwatsu. Manyansu na Nishidani. A kabari na 3 an samu jan garin ma'adini shimfiɗe a akwatin gawa, da duwatsun wuya na gilashi, da tukwanen da aka kawo daga Kibi, wato yankin Okayama na yau. Irin kabarin nan ya bi gaɓar teku har Toyama. Ga hanyar ruwa zuwa Koriya, inda ƙarfe ke fitowa. Sannan daga ƙarshen ƙarni na 3 irin wannan gini ya ɓace, kaburbura irin na zamanin Yamato, wato masarautar yankin Nara, suka maye gurbi. Wani abu ya faru. Ban ce da manzannin sama aka yi ba.

Injiniya Bature: Bari in sa baki a inda na fi ganewa, wato ginin. An ce sharaɗinsa a gina masa gida mai tsawo. Wurin bautar Izumo Taisha na yanzu an gina shi a 1744, tsawonsa wajen mita 24. Amma al'adarsu ta ce a da ya ninka haka, mita 48. Akwai wani littafin koyar da yaran manya na 970 da ya jera manyan gine-gine uku, ya sa Izumo a gaba, sannan zauren babban gunkin Buda na Todaiji a Nara, sannan zauren fada na Kyoto. Gidan limaman wurin, Senge, na riƙe da wani tsohon zane da ke nuna kowane ginshiƙi itace uku ne aka ɗaure da zoben ƙarfe. Mutane da dama sun ɗauka ƙari ne. A shekarar 2000 ana haƙa a harabar, sai ga gindin ginshiƙi: gungumen itacen sugi uku a haɗe, kowanne kaurinsa ya haura mita 1, jimla kusan mita 3. Daidai da zanen.

Ɗan Fagge: Injiniya, faɗi shekarun ginshiƙin mana, kar ka tsaya a nan.

Injiniya Bature: Ka riga ni. Na ginin 1248 ne.

Ɗan Fagge: To ka gani. Fiye da shekara 500 bayan Kojiki. Ba ginin ne ya haifi labarin ba, watakila ma labarin ne ya sa aka yi ginin. Kuma kauri ba tsawo ba ne.

Injiniya Bature: Gaskiya ne kauri ba ya ba ka tsawo kai tsaye, kuma har yau masu gine-gine ba su daidaita a kan mita 48 ba. Amma ba wanda zai ɗaure manyan bishiyoyi uku don ɗaki mai hawa ɗaya. Kuma bayanan zamanin Heian da Kamakura, wato ƙarnonin da suka biyo bayan Kojiki, sun nuna ginin ya sha rushewa. Abin da ya tabbata shi ne takardar da aka raina ta faɗi gaskiya a kan yadda aka yi ginshiƙin.

Gimbiyar Zazzau: Akwai inda ƙasa ta fito da sunan mutumin da ke cikin littattafan ƙarara? Don Ɗan Fagge suna yake nema.

Baban Ummi: Akwai, amma ba a zamanin alloli ba. A kabarin Inariyama, jihar Saitama kusa da Tokyo, an tono wani takobin ƙarfe a 1968, duk tsatsa. A 1978 aka ɗauke shi hoto irin wanda ake ɗaukar ƙashi a asibiti, sai ga haruffa 115 na zinariya. Sun ambaci shekarar da akasari ake lissafawa 471, da babban sarki Wakatakeru, wanda littattafan fada suka sani da Yuryaku. Wani takobin a Eta Funayama, can Kumamoto a Kyushu, na ɗauke da sunan da ake karantawa haka. Gabas da yamma ke nan a hannun sarki ɗaya. Haka hatimin zinariyar da manomi ya tsinta a tsibirin Shika a 1784, ya dace da abin da tarihin daular Han ta Sin ya ce an ba sarkin ƙasar Na da ke Kyushu a shekara ta 57. Har shi O no Yasumaro da ya tsara Kojiki, an gano kabarinsa a wata gonar shayi a Nara a 1979, da allon tagulla mai sunansa da shekarar mutuwarsa, 723.

Ɗan Fagge: Waɗannan na yarda da su ɗari bisa ɗari, don rubutu ne ya haɗu da rubutu. Daga ƙarni na 5 zuwa sama ba mu da faɗa. Amma littafin da ya ce sarkin farko ya hau gado shekara 660 kafin Annabi Isa, ya ba wasu sarakuna shekaru sama da 100, ba zan saya masa komai ba sai na ga kaya. Kuma ku tuna ba wasa ba ne a can. Tsuda Sokichi ya faɗi irin abin da nake faɗa, a 1940 aka haramta littattafansa, a 1942 kotu ta same shi da laifi. Su ma masu tonon ba mala'iku ba ne, a shekarar 2000 jaridar Mainichi ta kama Fujimura Shinichi yana binne duwatsu da hannunsa don ya zo ya tono su.

Baban Ummi: Na Fujimura duwatsun zamanin da ya fi wannan nisa ne ƙwarai, bai shafi Kojindani ba, kar a haɗa. Amma na Tsuda haka ne.

Ɗan Maraɗi: Ga wata ta ƙarshe daga gare ni, ba ta alloli ba ce, ta mutane ce. Nihon Shoki ya ce a zamanin sarki Sujin an aika Izumo a karɓo dukiyar bautarsu. Mai riƙe da ita, Izumo Furune, ya yi tafiya Kyushu, sai ƙanensa ya miƙa ta ba shawara. Da ya dawo ya ƙullace shi shekaru. Rannan ya sassaƙa takobin itace, ya gayyaci ƙanen wanka a tafki, ya riga shi fita ya ɗauki na ƙarfen, ya bar masa na itace, ya kashe shi. Fada ta turo mayaƙa suka kashe Furune. Kojiki kuma ya ɗauki dabarar takobin itacen nan ya ba Yamato Takeru, ɗan sarki, wai shi ya yi wa jarumin Izumo. Labari ɗaya, an sauya mai yi. Amma a duka biyun an zubar da jini, kuma a na farko kayan bauta ne sanadi. Wannan ya fi kama da yadda ake karɓar ƙasa fiye da a zo a roƙa ka ce bismilla.

Maman Sadik: To ko saboda irin wannan ne aka binne takubban, kar a zo a kwashe?

Ɗan Fagge: Hajiya, kin faɗa ramin da nake ta nunawa. Idan Sujin ya taɓa rayuwa, masana na sa shi wajen ƙarni na 3 zuwa na 4. Takubban sun riga sun daɗe a ƙasa kafin nan, da ƙarni biyu ko fiye.

Baban Ummi: Nan ina tare da kai. Ba a ɓoye kaya don ɓarawon da sai jikan jikanka zai gani. Abin da na tsaya a kai shi ne Izumo ƙasa ce mai sarakuna da arzikinta da bautarta, Yamato ta haɗiye ta, kuma waɗanda suka rubuta Kojiki sun san ba ƙaramar ƙasa suka haɗiye ba.

Ɗan Fagge: Rabin farko na sa hannu. Rabin ƙarshe, cewa sun sani, shi ne har yanzu ba ka kawo mini shaida ba.

Injiniya Bature: Mai son gani da ido, takubban da ƙararrawar da gindin ginshiƙin duk an kai su gidan tarihin da aka buɗe a 2007 dab da Izumo Taisha.

Shugaban Zaure: An kira magariba a nan. Gimbiya ta nemi a buɗe na Himiko daban, Malam Baban Ummi kai za ka fara, Ɗan Maraɗi ya kawo kwatancen hanyar da littafin Wei ya bayar mu bi shi da taswira.